PolitiFact: Ma'aunin Gaskiyar 'Yan Takarar Fidda Gwani a Amurka, Inda Yake Aiki da Inda Yake Gazawa

PolitiFact shafin intanet ne na ƙasar Amurka mai aiki guda ɗaya: ya ɗauki maganar da ɗan siyasa ya yi a bainar jama'a, ya bi diddiginta, sannan ya yanke mata hukunci. Kyauta ake karanta shi, babu rajista, babu kuɗin wata. Kasuwarsa ta fi ci a lokacin zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa, sa'ad da 'yan jam'iyya ɗaya ke hawa dandamali suna tona wa juna asiri, kowa yana cewa abokin karawarsa ba ya faɗin gaskiya. A 2016 'yan Republican 17 ne suka fito neman tikiti, a zagayen 2020 kuma na Democrat sun haura 20. Ba mai iya riƙe abin da kowannensu ya faɗa, balle ya tantance shi. Wannan giɓin ne shafin ya zo cikewa.

Ra'ayinmu a kansa tun daga farko shi ne: wajen auna magana guda ɗaya, da wuya a sami wanda ya fi shi tsari da bayyana hujja. Wajen auna mutum kuwa, wato a ce wane ya fi wane gaskiya, alƙalumansa suna yaudarar wanda bai san yadda aka tara su ba. Batun ko kamfe ɗin ɗan takara yana numfashi ko ya kusa shurewa, wannan ba ya cikin aikinsa sam, sai an nemi wata ƙofar.

Bill Adair ne ya kafa shi a watan Agustan 2007, lokacin yana shugaban ofishin Washington na jaridar St. Petersburg Times ta jihar Florida, wadda daga baya ta koma Tampa Bay Times. Aikin da suka yi a zaɓen 2008 ya kawo musu lambar yabo ta Pulitzer a 2009. Tun 2018 shafin yana hannun cibiyar Poynter, makarantar horar da 'yan jarida wadda ba ta neman riba.

Yadda ake yanke hukunci

Ma'aunin da suke kira Truth-O-Meter matakai shida gare shi. Na sama shi ne gaskiya tsantsa, maganar daidai take kuma ba a bar wani abu mai muhimmanci ba. Na biyu galibi gaskiya, daidai take amma tana buƙatar ƙarin bayani. Na uku rabin gaskiya, wato akwai daidai a ciki amma an zubar da muhimmin bayani ko an cire maganar daga muhallinta. Na huɗu galibi ƙarya, akwai ƙwayar gaskiya amma an kauce wa hujjojin da za su sauya fahimta. Na biyar ƙarya. Na shida shi ne Pants on Fire, wato wando ya kama wuta, wanda ake ba maganar da ba ƙarya kawai ba ce, har ta kai abin dariya, kuma hoton ma'aunin a nan yana ci da wuta.

Kafin magana ta sami ɗaya daga cikin waɗannan, ga hanyar da take bi. Wakili yana ɗaukar maganar da lafazinta, da ranar da aka faɗe ta da wurin. Abu na farko da zai yi shi ne ya tuntuɓi ɗan takarar ko ofishin kamfe ɗinsa ya ce su kawo hujja, domin a ƙa'idarsu nauyin kawo hujja yana kan wanda ya yi maganar. Daga nan sai ya nemi asalin takardu, rahoton gwamnati, ƙididdiga, bidiyo, ya kuma yi magana da masana waɗanda suka yarda a ambaci sunansu. Ya rubuta rahoto ya ba da shawarar matakin da ya dace. Edita ya duba. Sannan editoci uku su zauna su tambayi kansu: maganar daidai take a lafazinta? Akwai wata hanyar fahimtarta? Mai maganar ya kawo hujja? Yaya muka yi da irinta a baya? Sai su kaɗa ƙuri'a, ra'ayin biyu ya rinjayi ɗaya. Ana kuma auna magana da abin da aka sani a ranar da aka yi ta, ba da abin da ya bayyana daga baya ba.

Shafin kowane hukunci tsarinsa ɗaya. A sama akwai hoton mai magana da lafazin da ya faɗa. Sai taƙaitaccen bayani na layi biyu ko uku domin mai sauri. Sai cikakken rahoto. A ƙasa sai sakin layin hukunci, sannan jerin duk inda aka samo bayani, kowanne da ranarsa da mahaɗinsa. Wannan jerin na ƙarshe shi ne mafi darajar abin da shafin ke bayarwa, kuma shi ne abin da mafi yawan masu karatu ba sa kaiwa gare shi. Mai son amfana ya fara da lafazin, ya tsallaka zuwa hukuncin, ya buɗe aƙalla mahaɗi biyu daga jerin, sannan ya koma ya karanta tsakiyar.

Inda ya fi nuna ƙwarewa

Misali mafi kyau ya zo tun shafin bai cika shekara ba. Ranar 17 ga Maris 2008, Hillary Clinton tana tsakiyar fafatawa da Barack Obama, kuma babban abin da take tallata kanta da shi shi ne gogewa a harkokin ƙasashen waje. A wani jawabi a Jami'ar George Washington ta ce tana tuna saukarta a Bosniya ana harbi daga ɓoye, har aka fasa bikin tarba a filin jirgi, suka ruga da kai a sunkuye zuwa motoci. Tafiyar da take nufi ita ce ta watan Maris 1996 zuwa garin Tuzla, lokacin tana uwargidan shugaban ƙasa, 'yan watanni bayan yarjejeniyar Dayton ta kawo ƙarshen yaƙin.

Irin wannan magana ita ce abincin PolitiFact, domin tana da rana, tana da wuri, kuma akwai kyamara a wurin. Hotunan tashar CBS sun nuna ta tana saukowa daga jirgi a natse tare da 'yarta Chelsea, tana gaisawa da jami'ai, ta kuma tsaya tana sauraron wata yarinya 'yar shekara takwas da ta zo tarbarta. Ba gudu, ba sunkuyawa. PolitiFact ya ba maganar Pants on Fire, sashen bin diddigi na jaridar Washington Post ya ba ta Pinocchio huɗu, wato mafi munin makinsa. Clinton ta ce suɓutar baki ce. Sai dai ba sau ɗaya ta ba da labarin ba, wannan ne ya sa uzurin bai shiga ba. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta Washington Post da ABC a watan Afrilu ta nuna kusan mutum shida cikin goma ba sa ganin ta a matsayin mai gaskiya da riƙon amana.

Duk da haka, ranar 22 ga Afrilu ta lashe jihar Pennsylvania da tazarar kusan maki tara. Wanda ya ɗauka hukuncin ma'auni yana kayar da ɗan takara, ya ajiye wannan a ransa.

Akwai ma'auni na biyu da mutane ba su cika lura da shi ba, Flip-O-Meter, mai auna sauya sheƙa a kan manufa. Matakai uku ne: bai sauya ba, ya sauya rabi, ya juya baya gaba ɗaya. A zaɓen fidda gwani yana da amfani ƙwarai, saboda lokacin ne ɗan takara ke karkata zuwa abin da 'yan a-mutun jam'iyya ke son ji. A 2012, tana sakatariyar harkokin waje, Clinton ta yabi yarjejeniyar cinikayya ta ƙasashen yankin tekun Fasifik, TPP, a wani jawabi a Ostareliya. A watan Oktoban 2015, abokin karawarta a neman tikitin Democrat, Bernie Sanders, yana matsa mata lamba, ta ce ba ta goyon bayanta. Shafin ya jera kalamanta na da da na yanzu ya ce juyawa ce cikakkiya. Abin da muke yaba wa a nan shi ne ba sa cewa sauya ra'ayi laifi ne. Jerawa kawai suke yi, mai karatu ya yanke nasa.

Katin makin da ke ruɗar mutane

Idan ka shiga sashen mutane ka danna sunan ɗan takara, za ka ga katin maki: kashi nawa cikin ɗari na maganganunsa suka faɗa kowane mataki. Wannan katin shi ake ɗauka hoto ana yaɗawa a Facebook da X, kuma shi ne raunin shafin mafi girma.

Dalili kuwa, ba duk abin da ɗan takara ya faɗa ake aunawa ba, ba kuma zaɓen kan mai uwa da wabi ake yi ba. Editoci ne ke zaɓar maganar da za a duba, kuma suna zaɓar wadda ta ja hankali, ko wadda ta yi kama da mai lauje cikin naɗi, ko wadda ake ta yayatawa. Su kansu sun faɗi haka a shafin ƙa'idojinsu. Wanda ya ɗauki katin a matsayin ma'aunin halin mutum kamar mai sayen hatsi ne da aka tsinto masa ƙwayoyin da ake zargi da ƙwari aka zuba masa a tafin hannu, ya ce ya san abin da ke cikin buhu.

A watan Disamban 2015 shugabar editocin shafin ta lokacin, Angie Drobnic Holan, ta wallafa alƙaluman 'yan takara a jaridar New York Times. Maganganun Ben Carson da suka faɗa matakai uku na ƙasa sun kai kashi 84, na Donald Trump kashi 76, na Clinton da Sanders kowanne kashi 28. Lambobin suna da kyan gani a jere, amma ba a kan ma'auni ɗaya suke ba. Clinton an shekara takwas ana auna ta, maganganunta da aka duba sun haura ɗari. Trump 77 aka duba masa zuwa ƙarshen shekarar. Carson, wanda likitan ƙwaƙwalwa ne da bai taɓa riƙe muƙamin siyasa ba, nasa ba su kai ko kusa da haka ba, don haka hukunci biyu ko uku sun isa su ɗaga kasonsa ko su sauke shi sosai. Kafin ka kalli kashi, kalli adadin da ke rubuce ƙarƙashin kowane mataki. Idan jimillar ba ta kai hamsin ba, mu dai ba ma ɗaukar kason da muhimmanci.

Akwai kuma wani karkata da ke zuwa daga rassan jihohi. Shafin ya sha haɗa gwiwa da jaridu a wasu jihohi, kamar Wisconsin da Texas da Florida. Gwamna ko sanatan da ya fito daga jihar da ke da reshe yana shiga takarar shugaban ƙasa da tarin hukunce-hukunce a kan harkokin cikin jiharsa, kasafin kuɗi da albashin malamai da makamantansu. Gwamna Scott Walker na Wisconsin haka ya shigo a 2015. Abokin karawarsa daga jihar da ba reshe katinsa kusan fari ne, ba don ya fi shi gaskiya ba. Maganin wannan shi ne ka buɗe jerin hukunce-hukuncen ka ƙirga waɗanda aka yi daga ranar da mutum ya ayyana takara kawai.

Zargin son kai ya daɗe yana bin shafin. A 2011 Eric Ostermeier na Jami'ar Minnesota ya duba hukunce-hukuncen wata 13, ya gano cewa cikin maganganun 'yan siyasa 98 da aka ce ƙarya ne ko Pants on Fire, 74 na 'yan Republican ne. Masu ra'ayin riƙau suka ce ga shaidar son kai. Wasu suka ce a'a, shaidar wanda ya fi yin ƙarya ce. Gaskiyar magana, alƙaluman ba za su iya raba wannan gardama ba, saboda matsalar zaɓen da muka ambata. A ƙarshen 2011 ɗin kuma sai 'yan Democrat suka yi ca a kan shafin, da ya ce iƙirarinsu na cewa 'yan Republican sun kaɗa ƙuri'ar kashe shirin lafiyar tsofaffi na Medicare shi ne ƙaryar shekara.

Matakan tsakiya su ne masu santsi. Tsakanin galibi gaskiya da rabin gaskiya ra'ayin editoci ne, ba lissafi ba. A watan Janairun 2012 Obama ya ce kamfanoni sun samar da guraben aiki fiye da miliyan uku cikin wata 22. Lambar daidai take, amma shafin ya ba shi rabin gaskiya bisa hujjar cewa yana jingina nasarar ga kansa. Da suka sha suka, sai suka ɗaga shi zuwa galibi gaskiya. Wanda ya fi wannan ciwo shi ne alƙawarin Obama cewa mai son inshorar lafiyarsa zai ci gaba da riƙe ta: a 2008 sun ce gaskiya ne, a 2009 da 2012 sun ce rabi, a 2013 suka naɗa shi ƙaryar shekara. Darasin aiki a nan shi ne duk maganar da ke kan abin da zai faru nan gaba, hukuncinta na wucin gadi ne. Abin yabo dai, ba sa goge tsohon hukunci a ɓoye. Suna rubuta cewa an gyara, su faɗi dalili.

Jinkiri

Tsarin editoci uku yana cin lokaci, zaɓen fidda gwani kuwa ba ya jira. A watan Fabrairun 2020, Joe Biden ya sha kaye a Iowa da New Hampshire, jihohin da suka fara kaɗa ƙuri'ar fidda gwani, yana neman ƙuri'un baƙaƙen fata a South Carolina ido rufe. Sai ya riƙa ba da labarin cewa an taɓa kama shi a titunan Soweto yana ƙoƙarin ganin Nelson Mandela a kurkukun tsibirin Robben, tare da jakadan Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya. Soweto tana gefen Johannesburg, tsibirin kuma yana gaɓar Cape Town, tazarar ta haura kilomita 1,200. Jakadan da ake magana, Andrew Young, ya ce shi ba a taɓa kama shi ba kuma ba ya jin an kama Biden. Daga baya Biden ya ce tsare shi aka yi na ɗan lokaci a filin jirgi, ba kamu ba. PolitiFact ya ba labarin Pants on Fire, amma a farkon Maris, bayan Biden ya riga ya lashe South Carolina ranar 29 ga Fabrairu. Washington Post ta riga shi fitar da nata hukuncin. Idan aka haɗa da cewa jihohi da yawa suna fara kaɗa ƙuri'a makonni kafin ranar zaɓe, za a ga hukunci kan iso bayan an gama ciniki.

A daren muhawara sun fi sauri. Suna fitar da dogon rahoto guda mai tattara maganganu da dama, yawanci waɗanda aka taɓa aunawa ɗan takara ya sake maimaitawa. Sabuwar magana kuwa sai ta kwana ɗaya ko biyu.

Labarin da ba shi da takarda

Yawancin rikicin gaskiya a zaɓen fidda gwani ba a kan ƙididdiga yake ba, a kan tarihin rayuwar mutum ne. A nan ma'aunin yana rasa abin kamawa. A farkon Nuwamban 2015 Carson yana kan gaba a wasu ƙuri'un jin ra'ayi, sai abu biyu suka faɗo masa a mako guda. Tashar CNN ta je Detroit ta tambayi waɗanda suka tashi tare da shi game da labaran da yake bayarwa na zafin rai a ƙuruciya, har da yunƙurin daɓa wa wani wuƙa, ba ta sami wanda ya tabbatar ba. Jaridar Politico kuma ta taso da maganar da ya daɗe yana yi cewa an yi masa tayin cikakken tallafin karatu a makarantar sojoji ta West Point. Makarantar ba ta karɓar kuɗin karatu daga kowa, shiga cikinta sai an nema kuma an sami mai tsaya wa mutum, Carson kuwa bai taɓa nema ba. Shi ya ce manyan sojoji ne suka gaya masa da baki cewa za su iya samar masa gurbi. Politico ma sai da ta sassauta kanun labarinta.

Hirar da aka yi da baki shekara arba'in da wani abu da suka wuce, ba kyamara, ba takarda, ta yaya za a sa ta a ma'auni? Rashin wanda ya tuna ba hujjar cewa abu bai faru ba ne. A irin wannan PolitiFact kan rubuta bayani ba tare da maki ba, ko ya auna wani gefe na maganar da ke da takarda. Wannan daidai ne a aikin jarida, amma sakamakonsa shi ne babbar tambayar da ke damun masu zaɓe ba ta bayyana a katin maki. Haka kuma shafin ba ya shiga zuciyar mutum: ba ya bambanta wanda ya yi kuskure da wanda ya shirya ƙarya da gangan, kalmar ƙarya da ma'anar ganganci sau ɗaya a shekara suke amfani da ita.

Matsalar kamfe: sai an je hukumar zaɓe

Ba ƙarya ce ta fi fitar da 'yan takara daga fage ba, talauci ne da rikicin cikin gida. PolitiFact ba ya bin wannan. Wanda ke son sani sai ya haɗa da shafin hukumar zaɓe ta tarayya, FEC, shi ma kyauta ne. Ka shiga sashen bayanan kuɗin kamfe, ka rubuta sunan ɗan takara, ka zaɓi zagayen zaɓen, sai taƙaitaccen lissafi ya fito. Layi biyar za ka duba: jimillar abin da ya shigo, jimillar abin da aka kashe, kuɗin da ya rage a hannu, bashin da ake bin kamfe, da rancen da ɗan takara ya ba kamfe ɗinsa daga aljihunsa. A shekarar da ba ta zaɓe ba yawanci duk wata uku ake miƙa rahoto, ranar 15 ga Afrilu, Yuli da Oktoba, na ƙarshen shekara kuma 31 ga Janairu. A shekarar zaɓe manyan kamfe suna miƙawa duk wata, ranar 20. Duk wanda gudummawarsa ta haura dala 200 sunansa yana fitowa.

Lissafin farko shi ne ka raba abin da aka kashe da abin da ya shigo a wannan zangon. Idan tun kafin Iowa ana kashe fiye da abin da ke shigowa, akwai matsala. Na biyu, ka duba me aka kashe kuɗin a kai. Carson ya tara fiye da dala miliyan 20 tsakanin Yuli da Satumban 2015, ya fi duk 'yan Republican a wannan zangon, amma fiye da rabi ya koma wajen neman wani kuɗin, wasiƙun roƙo da kiran waya da kamfanonin da ke yin su. Ranar 31 ga Disamba manajan kamfe ɗinsa Barry Bennett da kakakinsa Doug Watts suka ajiye aiki. Ya zo na huɗu a Iowa, ya janye a farkon Maris 2016. Walker kuwa ya ɗebi ma'aikata fiye da ƙarfin aljihunsa, ya fita ranar 21 ga Satumban 2015 da bashin da ya haura dala miliyan ɗaya, ko ƙuri'a ɗaya ba a kaɗa ba.

Akwai tarko a layin kuɗin da ya rage a hannu. Doka ta ƙayyade abin da mutum ɗaya zai bayar a kowane zaɓe, a 2008 dala 2,300 ne na fidda gwani da wani 2,300 na babban zaɓe. Kamfe yana iya karɓar duka biyun tun da wuri, su kuma bayyana a dunƙule, amma na babban zaɓe ba a taɓa shi sai an ci tikiti. Haka ya faru da Clinton: a takarda tana da miliyoyi, a zahiri sai da ta ranta wa kamfe ɗinta dala miliyan biyar a ƙarshen Janairun 2008. A Fabrairu aka sauya manajarta Patti Solis Doyle da Maggie Williams, a Afrilu babban mai tsara mata dabaru Mark Penn ya sauka daga muƙaminsa bayan an gano ya gana da jami'an Kolombiya kan wata yarjejeniyar ciniki da ita take adawa da ita. Ta janye ranar 7 ga Yuni da bashin da ya haura dala miliyan 20 idan aka haɗa da nata rancen, ba a gama biyan masu bin kamfe ɗin ba sai farkon 2013. Duk wannan babu ko ɗaya a katin makinta. Tun bayan 2010 kuma akwai ƙungiyoyin goyon baya masu zaman kansu da ake kira Super PAC, waɗanda rahotonsu daban yake, sai an neme su da sunansu. Ta ɗan takarar Republican Jeb Bush ta tara fiye da dala miliyan 100, shi kuwa ya fita a Fabrairun 2016.

Sauran abubuwan da mai amfani zai ci karo da su

Turanci ne harshen shafin, da wani sashe na Sifaniyanci. Rubutun ba mai wuya ba ne, amma yana ɗauka cewa ka san tsarin Amurka, irin su bambancin kasafin tarayya da na jiha. Yana buɗewa a waya ba wahala, sai dai tallace-tallace da saƙon neman gudummawa suna cin data. Akwatin bincikensa ba shi da kaifi. Ya fi sauƙi ka rubuta sunan shafin da sunan ɗan takara da kalma biyu daga maganar a Google. Wasu mahaɗan tsofaffin rahotanni, musamman na 2007 zuwa 2012, sun mutu, sai a nemi kwafinsu a rumbun Internet Archive.

Kuɗin tafiyar da shi yana zuwa daga talla, gudummawar masu karatu da tallafin gidauniyoyi, kuma suna wallafa sunan wanda ya ba da fiye da dala 1,000. Sun ce ba sa karɓa daga jam'iyyu ko 'yan takara. Kamfanin Meta ya kasance babban abokin hulɗarsu tun ƙarshen 2016, yana biyan su su tantance abin da ake yaɗawa a Facebook, har zuwa Janairun 2025 da ya sanar da rufe shirin a Amurka. Wannan hulɗar ta sa jerin sababbin hukunce-hukunce na waɗannan shekarun ya cika da jita-jitar kafofin sada zumunta, don haka mai neman ɗan takara ya bi ta sashen mutane, kada ya tsaya a shafin farko.

Duk maganar da ke da nauyi a gwada ta da FactCheck.org na Jami'ar Pennsylvania, wanda ya girme shi, tun 2003 yake, kuma ba ya ba da maki ko kaɗan, dogon bayani kawai yake yi. Idan su biyun suka zo da hujja iri ɗaya, an gama. Idan suka saɓa, yawanci a kan fassarar lafazi ne, sai ka koma ga bidiyon ka ji da kunnenka. Mai neman irin wannan aiki a kan 'yan siyasar Najeriya ba zai same shi a nan ba, sai ya duba Dubawa ko Africa Check ko FactCheckHub, waɗanda su ma suke bayyana inda suka samo hujja a cikin kowane rahoto.